Ku Tambaya Mu Amsa: Sifikokina Lafiya Lau, Manhajarsu Ce Ta Juya Mini Baya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga Aboabo a nan Kumasi. Ɗana da ke zaune a Amurka ya aiko mini da sifikoki uku marasa igiya, irin waɗanda ake sarrafawa da manhajar waya, na ajiye ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya kuma a tsakar gida. Abin da nake saurare da su shi ne karatun Alƙur'ani da tafsirin malamanmu na zango, wanda jikana ya kwafo daga tsofaffin kaset ya zuba a kwamfutar gidan. Na saba saita ƙararrawa domin karatu ya tashe ni kafin asuba, da dare kuma in saita lokacin da sifikar za ta yi shiru da kanta bayan barci ya ɗauke ni. Kwatsam sai manhajar ta sabunta kanta ba tare da na nema ba, na buɗe na tarar da komai ya sauya: babu wurin saita ƙararrawa, babu wurin saita lokacin yin shiru, tafsirin da ke kwamfuta kuma ba ya fitowa. Shin akwai hanyar komawa tsohuwar manhajar? Kuma kamfani yana da hurumin cire abin da aka sayi kaya dominsa?

Wani Alhaji mai sayar da yadi, Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Mun sakaya sunan kamfanin da ka ambata, kamar yadda muka saba yi a wannan shafi matuƙar mai ƙorafi bai riga ya kai kukansa ga kamfanin ba. Ka kwantar da hankalinka game da abu ɗaya tukuna: sifikokin ba su lalace ba, jikanka bai taɓa wani abin da bai kamata ba, tafsirin kuma yana nan a kwamfutar inda aka zuba shi. Hanyar da kake bi ka kai gare shi ce aka toshe.

Sifika irin taka kashi huɗu ce, ko da yake ɗaya kawai ido ke gani. Akwai akwatin da ke fitar da sauti, akwai ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin akwatin tana tafiyar da shi, akwai manhajar da ke wayarka wadda da ita kake ba da umarni, sannan akwai manyan kwamfutocin kamfanin a can ƙasar waje, waɗanda sauran ukun ke tuntuɓa ta intanet. Kuɗin da ɗanka ya biya akwatin kaɗai suka mallaka maka. Sauran ukun izinin amfani da su aka ba ka, bisa dogayen sharuɗɗan nan da kowa ke danna amincewa da su ba tare da ya karanta ba, kuma a cikin sharuɗɗan kamfanoni sukan rubuta cewa suna da ikon sauya manhajar ko cire wani ɓangare nata duk lokacin da suka ga dama. Mutumin Kumasi ba baƙo ba ne ga irin wannan ciniki, domin ya san yadda mutum ke gina gida da guminsa, ginin ya zama nasa, amma filin na kujerar sarauta ne, haya ce ta shekaru aka ba shi.

Abin da ka ba da labari ya faru da dubban mutane a lokaci guda, a wani lamari da ya yi ƙaurin suna, kuma yana da kyau ka san shi domin yana nuna yadda irin wannan rikici yakan ƙare. Kamfanin Sonos na Amurka, wanda aka kafa a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a 2002, ya yi suna ne da sifikokin da ake warwatsawa a ɗakunan gida suna fitar da sauti ɗaya tare. Ranar 7 ga Mayu 2024 ya fitar da sabuwar manhaja da aka gina daga tushe, ta maye gurbin tsohuwar a wayoyin mutane. Da suka buɗe sai suka tarar babu saita lokacin yin shiru, babu gyara ƙararrawa, babu gyara jerin abin da aka tsara za a saurara, neman abin da ke ajiye a kwamfutar gida kuma ya gagara. Wasu ma sifikokin nasu suka riƙa ɓacewa daga manhajar, ko a danna rage sauti sai an jira kafin ya ragu. Abin da ya ƙara fusata mutane shi ne fahimtar da suka yi cewa an gaggauta sakin manhajar ne domin ta riga sabon abin sawa a kunne mai suna Ace, wanda ya shigo kasuwa a watan Yuni na shekarar kuma ba ya aiki da tsohuwar manhajar. Wato an taɓa jin daɗin waɗanda suka riga suka biya domin a share wa sabon kaya hanya.

Da farko kamfanin kare kansa ya yi. Sai a ƙarshen Yuli shugabansa, Patrick Spence, ya fito ya nemi afuwa a rubuce, a watan Agusta kuma aka shaida wa masu hannun jari cewa gyaran zai ci tsakanin dala miliyan 20 zuwa 30, aka jinkirta fitar da sababbin kaya biyu, aka sallami ma'aikata kusan 100. A watan Oktoba kamfanin ya yi alkawura da dama, ciki har da ƙara shekara guda a kan garantin wasu sifikokin da garantinsu bai ƙare ba. Duk da haka ƙurar ba ta lafa ba, har a watan Janairu 2025 Spence ya sauka daga kujerarsa, Tom Conrad ya karɓa. Abubuwan da aka cire sun riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu cikin makonni, wasu sai da aka kwashe watanni.

Game da komawa tsohuwar manhaja, amsar ba mai daɗi ba ce. A wayar iPhone babu hanyar da mai amfani zai bi ya dawo da tsohon zubin manhaja daga shagon Apple. A Android ana iya samo tsohon fayil a ɗora da hannu, kuma na san akwai yaran da ke gyaran waya a unguwar Adum ta Kumasi da za su yi maka hakan cikin mintuna, amma ba na ba ka shawarar ka yi. Dalili na farko shi ne fayil ɗin da aka tsinto a wani shafin da ba a san mai shi ba yana iya zuwa da abin da zai saci bayananka, kuma wayar ɗan kasuwa a yau ita ce jakar kuɗinsa, tun da a cikinta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, yake. Dalili na biyu shi ne sau da yawa sabuntawar ba a waya kaɗai take tsayawa ba, har manhajar cikin sifikar ake sauyawa, tsohuwar ta waya kuma ta kasa magana da ita. Sonos kansa ya ce ya duba yiwuwar dawo da tsohuwar manhajarsa, ya ga hakan zai ƙara dagula lamarin, domin sifikokin da manyan kwamfutocinsa sun riga sun yi gaba.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato maganar tafsirin. Idan kamfani yana gaggawa yana zaɓen abin da zai bari a baya, yakan duba abin da mafi yawan masu sayensa ke amfani da shi, kuma mafi yawansu a Turai da Amurka daga intanet suke jawo abin da suke saurare, ta Spotify ko Apple Music da makamantansu. Mai ajiye fayiloli a kwamfutar gida a idonsu ɗan tsiraru ne wanda zai iya jira. Mu kuwa a nan ba tsiraru ba ne. Spotify bai ma buɗe a Gana ba sai a 2021, kuma ko da ya buɗe, tafsirin da wani malami ya yi a masallacin unguwa a wani azumi da ya wuce, wanda wani almajiri ya ɗauka a kaset, ba ya cikin rumbun kowane kamfani a duniya. A gidajenmu kaɗai yake. Ga kuma tsadar data, ga ɗauke wuta da ke kashe na'urar rarraba intanet, wanda ke sa duk abin da ya dogara da tuntuɓar kwamfutocin ƙasar waje ya fi mu rauni a hannu. Don haka a ganina fushinka yana kan hanya, kuma kada wani ya ce maka rashin sabo da sabon abu ne. Wanda aka sayar wa kaya da wani amfani, aka zo daga baya aka cire amfanin, an rage masa abin da ya biya, ko da sharuɗɗan sun halasta wa kamfanin yin hakan.

Abin da za ka yi yanzu, na farkonsa zai ba ka mamaki: ka sake sabunta manhajar, ta waya da ta cikin sifikokin duka. Tun da ba za a koma baya ba, zama a kan zubin farko na sabuwar manhaja shi ne mafi muni, domin shi ne mafi yawan giɓi, gyare-gyaren kuma a zubin da ke biye suke zuwa. Bayan haka jikanka ya duba ko kamfanin yana da manhajar kwamfuta, domin a rikicin Sonos manhajar Windows da ta Mac sun ci gaba da yin abubuwa da dama da ta waya ta daina, mutane da yawa kuma da su suka lallaɓa. Ya kuma duba yadda aka buɗe wa sifikokin babban fayil ɗin da tafsirin ke ciki. Akwai wata tsohuwar hanyar raba fayiloli a tsakanin na'urorin gida mai suna SMB1, wadda kamfanoni ke watsarwa saboda raunin tsaronta, kuma idan da ita aka haɗa tun farko, sai an sake haɗawa da sabuwar kafin sifikokin su ga abin da ke ciki. Kafin ya taɓa komai, ya kwafi tafsirin gaba ɗaya a filashi ko wani ma'aji na daban, ya ajiye a wani gida, domin sifika ana sayen wata, muryar malamin da ya rasu kuwa ba a sake ɗaukarta.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai hanyoyin da ba sa bi ta manhajar kamfanin sam. Wasu sifikokin suna karɓar Bluetooth, wasu suna karɓar AirPlay daga iPhone, wasu kuma suna da ramin saka igiyar sauti a bayansu. Da kowace daga cikinsu za ka iya zuba tafsirin a waya ka tura shi kai tsaye, ka kuma yi amfani da manhajar sauraro ta wayar, wadda yawancinsu ke da wurin saita lokacin yin shiru. Tashin asuba kuwa, balle sahur, ban ga dalilin ɗora shi a kan abin da ke buƙatar wutar lantarki da Wi-Fi da yardar wani kamfani a lokaci guda ba. Ka saita ƙararrawar wayar kanta, wadda ke aiki da batir ko babu intanet, ta sifikar ta zama ƙari.

Maganar hurumi kuma, dokar cinikin kaya ta Gana, wato Doka ta 137 ta shekarar 1962, tana kare mai saye daga aibin da ba a bayyana masa ba a lokacin ciniki, kuma mai sayarwa take kamawa. An rubuta ta ne a zamanin da kaya ba sa sauya hali bayan sun bar shago, ga shi kuma naka a Amurka aka saye su, saboda haka ba ta nan za ka samu biyan buƙata ba. Tarayyar Turai ta yi gaba a wannan fanni, domin tun daga farkon 2022 dokokinta suka ɗora wa mai sayar da kayan da ke aiki da manhaja nauyin tabbatar da cewa kayan sun ci gaba da yin abin da aka sayar da su dominsa na wani lokaci. Kai abin da ke hannunka shi ne ɗanka, wanda rasit da garanti ke sunansa. Ya rubuta wa kamfanin, ya ambaci samfurin sifikokin da lambar zubin manhajar, ya lissafa abubuwa ukun da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a gaya masa lokacin da za su dawo. Ƙorafin da ya faɗi takamaiman abu shi ake iya ƙirgawa, kuma labarin Sonos ya nuna cewa ba kotu ce ta tanƙwara kamfanin ba, yawan masu kuka ne da raguwar ciniki.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Mahaifina ya rasa ganinsa shekaru da suka wuce, amma ya koyi sarrafa wayarsa da muryar da ke karanta masa abin da ke kan allo, da ita kuma yake kunna sifikarsa ba tare da ya kira kowa ba. Tun da manhajar sifikar ta sauya, muryar ba ta faɗin sunan maɓallan, sai dai ya jira in dawo daga kasuwa. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Me zan yi?

Wata Hajiya, Asawase

AMSA

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Muryar da kike magana a kai ana kiranta TalkBack a Android, VoiceOver kuma a iPhone, kuma ba ta ganin hoto yadda ido ke gani. Sunan da masu gina manhaja suka liƙa wa kowane maɓalli a ɓoye shi take karantawa, idan kuwa suka yi gaggawa ba su liƙa ba, sai ta ce “maɓalli” kawai ta yi shiru. Makafi masu amfani da Sonos sun faɗa cikin wannan hali a Mayu 2024, kuma kukansu na cikin waɗanda kamfanin ya fara amsawa, saboda a Turai da Amurka shingen da aka sa wa naƙasassu magana ce mai nauyi. Saboda haka idan za ki rubuta ƙorafi, ki faɗa tun a layin farko cewa mai amfani da sifikar makaho ne kuma da mai karanta allo yake aiki.

Kafin gyara ya zo, ki koya wa Baba maɓallan jikin sifikar na kunnawa da tsayarwa da ƙara sauti, ki manna ɗan abu mai tudu kusa da kowanne idan irin na shafawa ne, domin yatsa ya gane wurin. Idan sifikar tana karɓar Bluetooth ko AirPlay, ya riƙa kunna abin da yake so daga manhajar da ya riga ya saba da ita, sautin ya fita ta sifikar. Daga yau kuma ki kashe sabuntawa ta kai-tsaye a wayarsa. A shagon Play ana iya kashe ta ga manhaja ɗaya tak daga shafin manhajar, a iPhone kuwa a cikin saituna ake kashe ta ga dukkan manhajoji gaba ɗaya. Ba ina nufin a daina sabuntawa ba ne, domin akwai gyaran tsaro da ba a wasa da shi, musamman a manhajojin kuɗi. Abin nufi shi ne ki fara gwada sabon zubi a taki wayar tare da kunna muryar, idan kin ji tana faɗin sunan komai sannan ki sabunta tasa.

TAMBAYA

Malam, ina son sayen irin waɗannan sifikoki na hannu domin shagon ɗinkina. Na ga wasu a Adum da araha. Me zan duba?

Wani tela, Tafo

AMSA

Ɗan'uwa, ka fara tambayar shekarar samfurin kafin ka tambayi kuɗi. Kayan da suka dogara da manhaja suna tsufa ta hanyar da ba a gani a jiki. A 2020 Sonos ya raba manhajarsa gida biyu, S1 da S2, ya bar tsofaffin samfura irin su Play:5 na farko da Bridge a kan S1, ba sa samun sababbin abubuwa kuma ba sa shiga rukuni ɗaya da waɗanda ke kan S2. Spotify ya yi abin da ya fi haka da wata na'urarsa ta mota mai suna Car Thing, wadda ya kashe gaba ɗaya a Disamba 2024, ta daina aiki a hannun duk wanda ya saya. Arahar da ka gani tana iya zama daga nan ta fito.

Kada ka biya sai an mayar da sifikar yadda ta fito daga masana'anta a gabanka, an cire ta daga asusun tsohon mai ita, ka haɗa ta da wayarka da naka asusun ka ji ta yi sauti. Ka duba rubutun da ke jikinta ko a cajarta ka tabbata tana ɗaukar wutarmu ta bolt 230, domin wasu kayan Amurka na bolt 120 ne kaɗai. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci ga shago: a kashe intanet, ka ga ko za ka iya kunna wani abu ta Bluetooth ko ta igiya. Idan ta yi, ka saya. Idan ba ta yi ba, sifika ta Bluetooth mai ramin memori da rediyo a jiki za ta fi yi maka aiki a shagon ɗinki, kuma kuɗinta bai kai na waccan ba.